Kujerar da Malama Ta Ajiye

Likita bai ko zauna ba. Ya turo mata fayil ɗin ta kan tebur, ɗaya hannun yana riƙe da ƙofa.

"Gado na tara, ɗakin mata. Yau kwana shida ba abin da ya shiga bakinta sai ruwa. Ga ciwon suga, ga tsufa. In ƙarfe huɗu ta yi ba ta ci ba, za mu zura mata roba ta hanci, gobe kuma a mayar da ita ɓangaren masu taɓin hankali. Ke ce kika zauna da ita ƙarshe, Malama."

"Na zauna da ita, kuma zaman ya yi kyau sosai," in ji Malama.

"To kyan zaman ne ya ƙosar da ita ke nan." Ya ja ƙofar ya tafi.

Malama ita ce mai ba da shawara a asibitin, wadda ake turo wa duk wanda ciwonsa ya fi ƙarfin allura: wanda aka yanke wa ƙafa, wadda ta haihu jaririn bai zo da rai ba, wanda aka gaya wa sakamakon gwaji ya zube a ƙasa. Shekararta tara a wannan ɗan ofishin na ƙarshen baranda. Nas-nas a bayan idonta Ina-jin-ki suke kiranta, don ko gaishe ta ka yi sai ta karkata kai ta zuba maka ido, sai ka ce da wata babbar magana ka zo. Amma fa ta san aikinta, wannan ba mai ƙwace mata. Ta san lokacin yin shiru, ta san yadda ake mayar wa mutum maganarsa ya ji ta da kunnensa. Takardun shaidarta uku ne a bango. Ta ƙarshen ta wani kwas ce na kwana uku kan sanin al'adun jama'a, inda aka sha shayi da yawa aka kuma ɗauki hoto.

Ta buɗe fayil ɗin, ta tarar da rubutunta na makon jiya.

Tsohuwar baƙuwa ce daga wani yanki mai nisa, ba ta jin harshen garin ko na gaisuwa. Gyambon ƙafa ne ya kwantar da ita. A duk faɗin asibitin mutum ɗaya ke jin harshenta, wata mata mai wankin zannuwan gado, ita ake kira ta yi tafinta. An turo tsohuwar wajen Malama ne saboda ba ta barci, kuma ta hana a ja labulen gadonta, kullum idonta na kan ƙofa. Da aka zauna sai magana ta fito. Ɗanta, shi kaɗai gare ta, ya shiga motar 'yan ƙwadago wata goma sha ɗaya da suka wuce. Motar ba ta isa inda za ta ba, ba a kuma ga ko tayarta ba. Nemansa ne ya kawo ta garin, yawon neman nasa ne kuma ya cinye mata ƙafa.

Sai Malama ta yi abin da aka koya mata. Ta jawo kujerar baƙi mai koren kushin ta ajiye a gaban tsohuwar, ta ce a gaya mata ga ɗanta nan zaune, ta faɗa masa duk abin da ke ranta. Dabara ce sananniya a aikinsu, ta yi wa mutanen da ba za ta iya ƙirgawa ba. Mai wankin ta yi jim kafin ta fassara, Malama ta ɗauka kalmomi take nema. Tsohuwar ta dubi kujerar, ta dubi Malama, sannan ta gyara zama a keken marasa lafiya ta fara magana. Kusan awa guda tana yi, a hankali, tana tsayawa tana saurare, tana gyaɗa kai, har sau ɗaya ta yi 'yar dariya. Mai wankin ba ta fassara ko kalma ba, Malama kuma ba ta nema ba, don ƙa'ida ta ce kada a katse mai magana. Da aka gama tsohuwar ta kama hannun Malama ta ɗora a goshinta. Ranar Malama ta koma gida ranta fes, har ta ba mijinta labari.

"Ta sauke nauyin da ke zuciyarta," haka ta rubuta a fayil. Washegari tsohuwar ta fara mayar da kwanon abinci.

Malama ta ɗaga kai. Kujerar tana nan inda ta ajiye ta, a tsakiyar ɗaki, tana fuskantar gurbin da keken tsohuwar ya tsaya. Sai yanzu ta lura mako guda ke nan ba wanda ya zauna a kai. Masu zuwa wajenta duk bencin jikin bango suke nufa. Jiya wani mai ƙafa ɗaya ya dubi kujerar ya ce a'a, ya fi jin daɗin tsayuwa a kan sandarsa. Mai shara ya share ko'ina ya bar ƙura kewaye da ƙafafunta huɗu. Ita kanta, da ta tuna, kewaye ta take yi in za ta ɗauko ruwa. Kushin ɗin ya lotsa a tsakiya, amma ai tsohon kushin ne, ta gaya wa kanta, tun bara yake a lotse. Ta ɗauki fayil ɗin, ta kewaye kujerar ta fita.

Ɗakin mata tsit yake da hantsi, an gama zagayen likitoci, ba a fara barin 'yan dubiya ba. Labulen gado na tara a ja yake. Sista, babbar nas ta ɗakin, ta nuna shi da baki.

"Ga mutuniyarki can. Ba rigima, ba kuka, ba komai. In an kawo abinci ta yi godiya ta ture. Wallahi na fi son mai zagina ta ci."

Malama ta ɗaga labulen ta shiga. Tsohuwar na kwance ta ba ƙofa baya. Ta rame, amma fuskarta ta kwanta luf, duk tsohuwar damuwar nan ta sauka. Ta ƙulle 'yan kayanta a ɗankwali ta ajiye wajen kai. Da ta ji motsi ta yunƙura ta tashi zaune, ta yi murmushi.

Malama ta zauna a bakin gado ta yi yadda ta saba. Ta daidaita fuskarta da tata, ta buɗe hannaye a kan cinya, ta dube ta cikin ido, ta yi shiru tana jira. Sai dai ba ita tsohuwar ke kallo ba. Idonta na bayan kafaɗar Malama, sama kaɗan, daidai inda fuskar dogon mutum za ta kasance in yana tsaye. Ta janye ƙafarta mai bandeji, ta share gefen katifar da tafin hannu, ta yi wata gajeriyar magana mai taushi, irin wadda ake yi wa wanda ya shigo daga rana.

Malama ta san ba kowa a bayanta, labule ne kawai. Duk da haka wuyanta ya ƙi juyawa. Tsoro ne ya kama ta, tsoro na gaske, wanda rabonta da irinsa tun tana yarinya. Ta miƙe ta fito da gefe, ba ta waiwaya ba.

"Ina mai wankin nan?" ta tambayi Sista.

"Tun ranar ba ta ƙara hawowa ba. Sau biyu ana aika mata tana cewa aiki ya sha mata kai."

Ɗakin wanki a ƙasan ginin yake, matakala ashirin da 'yan kai, ba taga ko ɗaya. Zafi ne ke fara tarar mutum, sai ƙugin inji da warin sabulu. An shanya zannuwan gado layi-layi, farare sol, suna ɗan kaɗawa ko da yake ba ta inda iska za ta shigo. Malama ta bi tsakaninsu tana sallama ba amsa, har ta hangi ƙafafu a silifa ta ƙarƙashin wani zani. Ta yaye shi. Mai wankin ce, ta girmi Malama da kusan shekara goma, hannayenta sun yi fari fat don shan ruwa.

"Sannu da aiki, Yaya."

"Yawwa, Malama." Ba ta daina ninkin da take yi ba.

"Inna ta gado na tara ta daina cin abinci."

"Na ji."

"Kin san dalili?"

Mai wankin ta dube ta tana son gane ko gatse take mata. "Malama, ta ci ta yi me da shi? Ai kin gaya mata."

"Na gaya mata me?"

"Kin ajiye kujera."

Wani inji ya gama juyi ya tsaya, wurin ya yi shiru har ana jin ɗigar ruwa daga famfo. Mai wankin ta sassauta murya.

"A wajenmu ba a gaya wa uwa da baki, abin ya fi ƙarfin baki. Wanda ya ga gawar da idonsa, ko hukuma ta ba shi tabbaci, shi ke zuwa ya ajiye kujera a gaban uwar ya ce ta yi magana da ɗanta. Shi ke nan an gaya mata. Da na ga kin jawo kujerar nan sai na gane. Na ce ashe takarda ta zo wa Malama. Har na ce a raina, ji matar nan, ba tamu ba ce amma ta san yadda ake yi."

Malama ta dafa teburin guga.

"Ba wata takarda, Yaya. Ban san komai a kansa ba. Dabarar aiki ce kawai."

Mai wankin ta ajiye zanin da ke hannunta. "Dabara. Kika kashe mata ɗa da dabara."

"Me ya sa ba ki gaya mini ba?"

"Kin tambaye ni? Tun ranar farko kika ce in faɗi abin da kika faɗa, kada in ƙara kada in rage. Ni kuwa mai wanki ce."

Gaskiya ta faɗa. Haka Malama ke gaya wa duk wanda zai yi mata tafinta, har tana alfahari da ƙa'idar. A fom ɗin da take cikewa akwai gurbi na musamman na al'ada da imani, kuma ta tuna sarai abin da ta rubuta a na tsohuwar: ba matsala. Kunya ta rufe ta, ta rasa inda za ta ajiye idonta.

"Yanzu dai mai faruwa ta faru," in ji mai wankin. "Kada ki tayar mata da shi. Wata goma sha ɗaya ba ta runtsa ba, yanzu tana barci har da minshari. Tunda ta yarda da ke, ki je ki ce ɗanta ya ce ta ci abinci. Ni zan fassara, alhakin a raba mana."

Malama ta juya. Ta fito ta zauna a tsakiyar matakala, ta jima. Shawarar za ta yi aiki, ta sani. Kafin ƙarfe huɗu kwano zai zama wayam, Likita zai sarara mata, fayil zai zauna yadda yake ba wanda zai san me ta yi. Amma gobe fa? Tsohuwar za ta tambayi me kuma ya ce, jibi ma haka, ita kuma ta zama mai kawo saƙo daga kabarin da ba ta san ko an haƙa ba. In kuma yaron yana raye a wani kurkuku ko wata gona, wata rana zai dawo ya tarar an gama kukansa, da sa hannun ma'aikaciyar asibiti. Ta koma ƙasa.

"Yaya, zo mu je, gaskiya zan gaya mata. Amma ki fara gaya mini, a wajenku in mutum ya yi wa babba laifi irin wannan, yaya yake zuwa?"

Mai wankin ta goge hannu a zaninta.

"Ba ya zama daidai da ita, ƙasa yake zama. Kuma ba ya kallonta cikin ido. Wannan kallon naki, Malama, tun ranar nake son in ce miki, a wajenmu mai neman faɗa ke yin sa."

Ƙarfe uku da rabi ta wuce lokacin da suka shiga bayan labulen. Kwanon abincin rana na nan a rufe kan 'yar durowa. Malama ta tattara siket ɗinta ta zauna daɓas a kan simintin ɗakin, ta kafa idonta a ƙafar gado. Tana jin takun nas-nas ya tsaya a bayan labule.

"Inna, na yi miki babban laifi," ta ce, mai wankin na bin ta jumla-jumla. "Ban ga ɗanki ba. Ba wanda ya kawo mini labarinsa, na rai ko na mutuwa. Kujerar nan, mu a aikinmu muna ajiye ta ne don mutum ya samu ya yi magana. Ban san abin da take nufi a wajenku ba, kuma ban tambaya ba."

Shiru ya biyo baya. Malama ta ɗauka ta san shiru, ai da shi take cin abinci, amma wannan ba nata ba ne, ba ta da ikon tsawaita shi ko yanke shi. Can tsohuwar ta yi magana.

"Ta ce ba ki ga gawa ba?"

"Ban gani ba."

"Ta ce ba takarda?"

"Babu."

"Ta ce ke nan yana iya yiwuwa yana raye?"

Amsa mai daɗi ta zo wa Malama har bakin harshe, ta haɗiye ta. "Ban sani ba, Inna. Yana iya yiwuwa. Yana iya yiwuwa kuma ba haka ba ne."

Gadon ya yi ƙara. Malama ta saci kallo ta ga tsohuwar tana jan jiki da ƙyar, tana ɗaga ƙafar mai ciwo da hannu biyu, har ta juyo ta fuskanci ƙofa. Ta yi nuni a yaye labulen, mai wankin ta yaye. Kwanciyar nan da ke fuskarta ta tafi gaba ɗaya, fuskarta ta da ta dawo, mai ƙirga duk wanda ya gifta. Ta miƙa hannu aka ba ta kwanon. Ta kai cokali ɗaya, ta kai na biyu, tana taunawa ba don daɗi ba, idonta bai bar ƙofar ba.

"Kai, Ina-jin-ki ta yi aiki," Sista ta raɗa wa wata nas, ta tafi kiran Likita. Malama ta ji, amma ba ta ji daɗi ba ko kaɗan. Ta san abin da ta mayar wa matar nan, kuma ta san nauyinsa.

Tsohuwar ta tsaya da cin, ta yi wata doguwar magana. Mai wankin ta sunkuyar da kai, ba ta fassara ba.

"Yaya, wannan karon ki faɗa mini, duk abin da ta ce."

"Ta ce," in ji mai wankin, "to in ba nata ba ne, wane ne ya zauna? Ta ce da ta kira an amsa. Ta ji muryar ta ɗan sauya, sai ta ce ko wahala ce. Ta ce mai ladabi ne, bai katse ta ba ko sau ɗaya, ɗazu ma shi ya rako ki ya koma. Ta ce ɗan wata ne, ya gaji, ya ga kujera ya zauna. Ita ba ta da ikon sallamarsa tunda ba ita ta haife shi ba, wanda ya ajiye kujera shi ke tayar da shi. Ta ce don Allah kada ki bar shi ya ƙara kwana."

Tsohuwar ta ci gaba da cin abincinta.

A baranda Malama ta yi kiciɓis da Likita yana tafe da sauri, fuskarsa a sake. "Malama, sai fa kin koya mana wannan dabarar," ya ce. Ta gyaɗa masa kai kawai ta wuce.

Ranar yamma ta shigo ofishin ta taga, ta kwanta a rabin ɗakin. Kujerar na nan. Malama ta tsaya a bakin ƙofa tana lissafi. Za ta iya kiran mai shara ya kai ta sito, minti biyu an gama. Ita mace ce mai karatu, ta san sunan abin da tsohuwar ta ji a littafi, ta san har shafin. Amma an ba ta saƙo, kuma sau ɗaya ta riga ta yanke hukunci a kan abin da ba ta tambaya ba.

Ta buɗe ƙofar har bango, ta tokare ta da fayil ɗin. Ta matsa gefe, ta sunkuyar da kai, ba ta dubi kujerar ba.

"Bawan Allah, ka yi haƙuri," ta ce a hankali. "Ba mahaifiyarka ba ce. Kuskurena ne. Allah ya sada ka da naka."

Ta tsaya tana jira, don ba a gaggauta mutum. Tana nan tsaye wata mata ta iso da kati a hannu, mai zaman ƙarfe huɗu da rabi ce. Ta yi sallama ta sa ƙafa za ta shigo, Malama ta tare ta da hannu.

"Baiwar Allah, ɗan matsa gefe tukuna. Akwai mai fita."